Me Ya Sa Hilux Ba Ta Kwantai a Kasuwa?

A wuraren cinikin motoci na Kano da Kaduna, akwai tambayar da mai saye kan yi wa dillali tun kafin a tayar da inji: "In na tashi sayarwa, za ta fita?" Amsar wannan tambaya ta fi kyan fenti tasiri wajen yanka farashi. A cikin motocin a-kori-kura kuwa, babu wadda dillali ke amsa mata da ƙarfin gwiwa kamar Toyota Hilux.

Ta ci sunanta. Tun 1968 ake ƙera ta, an ɗora jikinta a kan shasi mai kauri, ga sifirin na baya masu jure lodi da gargada. A 1987 sojojin Chadi, bisa a-kori-kurar Toyota, suka fatattaki dakarun Libiya masu tankokin yaƙi, har aka sa wa wannan artabu suna Yaƙin Toyota.

Sai dai ni a ganina ba ƙarfin ƙarfe kaɗai ke riƙe mata daraja ba. Bakanike ne, da mai sayar da kayan gyara. Motar da in ta lalace a ƙauye za a samu mai kwance ta a gindin bishiya, a aika kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka a kawo abin da ya mutu kafin la'asar, ita ce kowa ke son saye ko ta tsufa. Dattawa sun ga haka da Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975. A lokacin, kusan duk yaron gareji ya san cikinta. Gadon wannan matsayi Toyota ta ci.

A dubi Ford F-150. A Amurka ta daɗe tana kan gaba wajen ciniki, kuma ba wanda zai kira ta raguwa. A nan fa? Injinta babba ne, shan mai gare ta, abin da ya zama babban aibi tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. In wani abu ya mutu, sau da yawa sai an yi odarsa daga waje. Mai ita kan yi watanni yana jiran mai taya.

Akwai kuma ruɗin da ya kamata a kauce wa. Mutum ya sayi mota a 2021, ya sayar a 2024 da kuɗin da ya fi wanda ya biya, sai ya ce ya ci riba. Ya manta cewa dala, wadda ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024, kuma da farashin dala ake lissafa kuɗin kwastam. Ya je ya sayi irinta da kuɗin da ya karɓa, ya gani ko za su isa.

Suna kuma ba ya wanke kowace mota. Cikin motocin hannu da ake kira 'yan Baljiyam da ke zuwa daga Amurka akwai waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta ci, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, aka gyara aka fesa fenti. Wasu an mayar da kilomitarsu baya. Toyota ma ba ta sayar da Hilux a Amurka, Tacoma take sayarwa a can tun 1995, don haka dillalin da ya ce maka tasa daga Amurka ta zo, tsaya ka ƙara tambaya. Takardu ma abin dubawa ne, domin a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina bin hanyar Kwatano ba.

Kafin ka biya, ka binciki lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 a intanet, ka tantance takardar kwastam, sannan ka je da bakaniken da ka amince da shi, ba wanda dillali ya kawo ba.