Tawadar da ke neman rami

Idan ruwan sama ya ɗauke a Azarori, can ƙasar Madawa ta jihar Tawa, yara kan kwaso laka a bakin tafki su gina shanu da raƙuma. Da tsinke ake huda wa raƙumi ido, a tsaga masa baki, a ja layin akala. Amma da ya bushe sai aikin ya ɓace wa ido, launi ɗaya tun daga tozo har tafin ƙafa.

Wannan ce damuwar masu fentin ƴan mutum-mutumin wasa a Turai, waɗanda tsayinsu bai fi milimita 28 zuwa 32 ba. Maganinsu fenti ne tsararo. A shafe jikin duka da shi, ya gangara da kansa ya kwanta cikin tsaga, tudu ya tsira da haskensa, sai ga inuwa ta fito. Kamfanin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975, yana sayar da shi a ƴan kwalabe, kuma baƙi mai suna Nuln Oil ya yi fice.

Ni dai ban ga abin da zai gagari malamin allo a nan ba. Tawadarsa baƙin tukunya ce da ƙaro da ruwa. Baƙin ya ba da launi, ƙaro ya riƙe shi, aikin da akirilik ke yi a fentin Bature. A sirka cokali ɗaya da ruwa kamar biyar, a ɗiga ruwan sabulu, don ruwa zalla dunƙulewa yake kamar raɓa a ganye, ya ƙi shiga lungu.

Inda haɗin ya taru a fili kuwa, zai bushe ya bar zobe. A 1997 Robert Deegan da abokan aikinsa a Jami'ar Chicago suka bayyana dalili: gefen ɗigo ya fi saurin ƙafewa, ruwan tsakiya ya yi ta kwararowa can ɗauke da launin. Saboda haka a tsane shi da busasshen burushi tun yana ɗanye.

Ɗanyar laka narkewa take, sai an gasa raƙumin a murhu tukuna. Kuma ƙaro ba akirilik ba ne, ko ya bushe ruwa na tayar da shi. Shafa ɗaya ake yi, a kai shi inuwa, a hana ƙanne taɓawa.