Fatakwal ta Hanyar Dogo

A Bulkachuwa, idan aka ce wane ya tafi bakin teku, Legas ake nufi. Fatakwal kuwa sai a ce garin mai da ruwan sama, a wuce wurin. Ni dai ina ganin an ƙware ta, domin in dogo za a bi, ita ce tashar ruwan wannan ɓangare namu. Layin da ya ratsa Bauchi da Gombe ya tuƙe a Maiduguri, ɗaya bakinsa a Fatakwal yake, tsawon kilomita 1,443.

Jirgin ƙasa bai taɓa taka ƙasar Katagum ba. Mai son hawansa sai ya shiga mota ta Misau da Darazo ya sauka Bauchi. Haka muka yi da kawuna a shekarun 1980, shi ya yi lodin wake, ni ina riƙe masa jaka. A lokacin reshen namu bai tsufa ba. A 1958 aka fara shi daga Kuru, kusa da Jos, da bashin dala miliyan 28 na Bankin Duniya, ya iso Bauchi a 1961, Maiduguri kuma a 1964.

Daga Kuru jirgin yake gangarowa daga kan tsauni zuwa Kafanchan, inda layinmu ya haɗu da na Kaduna. Nan ake daɗewa, masu talla suna miƙo rake da dafaffen ƙwai ta tagar tarago. Amma wurin da ba na mantawa shi ne Makurɗi. Kawu ya taɓa ni ya ce, "Yaro, tashi ka ga Binuwai." Gadar tun 1932 take, kafin ita a kan jirgin fito ake ɗora taragai a haye da su. Ga wanda ya tashi inda kogi ke ƙafewa da rani, ganin ruwa mai wannan faɗin a ƙarƙashin ƙafarsa ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan sai Otukpo, Enugu, Umuahia, Aba. Kuka ta ɓace, kwakwar manja ta rufe gefen dogo, riga ta fara manne wa jiki.

Kwal ne ya haifi garin Fatakwal. An gano shi a yankin Udi a 1909, Turawa suka shiga neman inda manyan jiragen ruwa za su tsaya su ɗauka, suka samu gaɓa mai zurfi a ƙasar Ikwerre da Okrika. A 1913 Gwamna Lugga ya raɗa wa wurin sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila, a 1916 kuma dogo ya haɗa shi da Enugu. Da layin ya iso Arewa a 1927, kuzar Jos ta biyo shi. Ɗanyen man Nijeriya na farko ma ta nan ya fita a 1958.

Baƙo zai sauka yana dube-duben teku, ba zai gan ta ba. Garin a bakin Kogin Bonny yake, tsakaninsa da teku fiye da kilomita 60. Sai dai ka hangi jirgin ruwa mai tsayin gidan bene yana tafe a hankali tsakanin itatuwan da suka tsiro cikin ruwa. Tashar jirgin ƙasa a tsohon gari take, ba nisa da inda jiragen ke sauke kaya, saboda haka da ƙafa ma za ka zaga. Ka gangara kasuwar Creek Road ka ga kifi da jatan lande da ƙananan dodon koɗi ana saukewa daga kwalekwale. Ka nemi bole, gasasshiyar agada da kifi da manja mai yaji. Na ci balangu a garuruwa da yawa, amma wannan ma ba a baya take ba. In kewar gida ta kama ka, akwai kasuwar Fruit Garden a titin Kaduna, inda tumatir da albasa da attaruhun Arewa ke sauka, Hausa kuma na tashi ta ko'ina.

Garin yana da nasa ciwon. Tun 2016 mazauna ke kukan baƙar kunkunniya da ke sauka a kan shanya da tagogi, wadda ake dangantawa da tace ɗanyen mai a ɓoye cikin fadamu. Da damina kuma laima wajibi ce.

Yau jirgi ba ya tashi daga Bauchi zuwa can. A 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin sabunta layin gaba ɗaya, a 2024 kuma jirgi ya dawo aiki tsakanin Fatakwal da Aba, kusan kilomita 62. Ɗan Bulkachuwa da ke son shiga garin ta dogo sai ya sha doguwar mota har Aba, ya tambayi lokacin tashin jirgi tun kafin ya nemi masauki.