Buɗe kasuwanci a Ghana: Abin da ya kamata ɗan Najeriya ya sani kafin ya ɗaura kaya

Tun bayan faɗuwar darajar Naira a shekarar 2023, maganar neman kasuwa a ƙetare ta zama ruwan dare a bakin 'yan kasuwa, har ma da ma'aikatan da ke dab da ritaya, masu tunanin inda za su zuba kuɗin sallamarsu. Ghana na cikin ƙasashen da aka fi ambata, kuma dalilan a bayyane suke. Tafiyar kimanin sa'a 1 ce a jirgin sama daga Legas zuwa Accra, ba a buƙatar biza, harshen gwamnati Turanci ne, sannan a unguwannin zango kamar Nima da Sabon Zango a Accra, ko zangon Kumasi, Bahaushe zai yi ciniki da harshensa tamkar yana Fagge.

Sai dai wannan sauƙin shiga ya rufe wa mutane da dama ido. Izinin shiga ƙasa daban, izinin buɗe shago a cikinta daban, kuma a tsakanin waɗannan biyu ne ɗaruruwan 'yan Najeriya suka wayi gari suka tarar da kwaɗo a ƙofar shagunansu. Wanda ya san abin da doka ta ce kafin ya tashi, zai gane irin kasuwancin da zai karɓe shi a can da wanda zai cinye masa jari.

Me yarjejeniyar ECOWAS ta bayar?

A watan Mayun 1979 ne shugabannin ƙasashen ECOWAS suka rattaba hannu a Dakar kan yarjejeniyar walwalar jama'a. An tsara aiwatar da ita a matakai 3. Na farko shi ne 'yancin shiga kowace ƙasa ta ƙungiyar ba tare da biza ba, mutum ya zauna har kwana 90. Na biyu shi ne 'yancin zama, wanda aka yi wa ƙarin yarjejeniya a 1986. Na uku shi ne 'yancin kafa sana'a ko kamfani, wanda aka amince da shi a 1990.

Matakin farko ne kawai ya zauna da gindinsa a yankin. Na uku kuwa, kowace ƙasa ta ci gaba da bin dokokinta na cikin gida. 'Yan kasuwar Najeriya a Ghana na kafa hujja da yarjejeniyar 1990, suna cewa ta hana a nuna wa ɗan ECOWAS bambanci. Hukumomin Ghana kuma na cewa dokar da majalisarsu ta yi ce ke aiki a kasuwanninsu. Muhawarar ta daɗe, amma jami'in da zai tsaya a bakin shago dokar ƙasarsa ce a hannunsa.

Sana'o'in da aka keɓe wa 'yan ƙasa

Dokar da ake ta taƙaddama a kanta ita ce ta Cibiyar Bunƙasa Zuba Jari ta Ghana, wato GIPC, mai lamba 865, wadda aka yi a 2013. Sashe na 27 ya jero sana'o'in da ya ce ba a yarda baƙo ya shiga ba, komai yawan kuɗinsa. Na farko a jerin, kuma wanda ya fi shafar mutanenmu, shi ne sayar da kaya ko yin wata hidima a cikin kasuwa, da ƙaramin ciniki, da talla, da kasa kaya a rumfa a ko'ina.

Sauran sun haɗa da shagon aski da na gyaran gashi, da sana'ar tasi ko hayar mota ga wanda motocinsa ba su kai 25 ba, da buga katin waya, da yin littattafan rubutu na 'yan makaranta, da sayar da magunguna ɗai-ɗai, da yin ruwan leda da sayar da shi, da yawancin harkokin caca.

Idan aka dubi jerin da kyau, za a ga cewa su ne ainihin sana'o'in da mai ƙaramin ƙarfi ke fara tunani a kansu idan ya sauka a baƙon gari. Nan ne gizo yake saƙa. Samun dangi a zango ba ya sauya komai, domin yawancin Hausawan zango haifaffun Ghana ne, kakanninsu sun zauna tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja da Salaga. Su 'yan ƙasa ne a idon doka, kai kuma da ka zo da koren fasfo baƙo ne, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kakanninku suke.

Dala miliyan 1: haraji ne ko jari?

Sashe na 28 na dokar ya ƙayyade mafi ƙarancin jarin da baƙo zai shigo da shi. Idan haɗin gwiwa zai yi da ɗan Ghana, wanda ke riƙe da aƙalla kashi 10 cikin 100 na hannun jari, zai kawo Dala 200,000. Idan kamfanin nasa ne shi kaɗai, Dala 500,000. Idan kuwa harkar saye da sayarwa ce, wadda ta ƙunshi shigo da kaya daga waje a sayar, jarin ya kai Dala miliyan 1, tare da sharaɗin ɗaukar ƙwararrun 'yan Ghana aƙalla 20 aiki. A tsohuwar dokar 1994 adadin Dala 300,000 ne da ma'aikata 10, wato an ninka kuɗin fiye da sau 3.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan miliyan kuɗi ne da ake biyan gwamnati. Ba haka abin yake ba. Jari ne na mai kamfani, yana nan a matsayin dukiyarsa, kuma dokar ta yarda a kawo shi a tsabar kuɗi ko a kaya. Abin da ake buƙata shi ne shaidar cewa ya shigo ta hanyar da hukuma ta sani: kuɗi ta banki har Babban Bankin Ghana ya tabbatar, kaya kuma da takardun kwastam. Kuɗin da aka tsallaka da su iyaka a cikin jaka ba sa shiga lissafi.

Duk da haka, adadi ne da ya haura Naira biliyan 1 a canjin yau, wanda ya fi ƙarfin mai shagon waya ko na kayan gyaran mota. Kuma ko wanda ya cika shi, bai sami izinin kama rumfa a cikin kasuwa ba, domin sashe na 27 na nan daram.

Yadda aka kai ga kulle shaguna

Ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana, GUTA, ta daɗe tana kukan cewa baƙi sun mamaye cinikin ɗai-ɗai, gwamnati kuma ta ƙi aiwatar da doka. A tsakiyar 2019 rikici ya tashi a Suame Magazine, babbar cibiyar kayan gyaran mota a Kumasi, daga baya ya bazu zuwa kasuwar waya da ke shataletalen Kwame Nkrumah a Accra. A watan Agustan 2020 kuma jami'an Ma'aikatar Ciniki da kansu suka fita kulle shaguna.

A wancan watan ne Ministan Yaɗa Labarai na Najeriya na lokacin, Lai Mohammed, ya fitar da sanarwa mai zafi, inda ya ce an rufe shagunan 'yan Najeriya fiye da 300 a Kumasi a 2018, fiye da 600 a 2019, da kuma fiye da 250 a lokacin da yake magana. Takwaransa na Ghana, Kojo Oppong Nkrumah, ya mai da martani, yana mai tuna wa Najeriya cewa ita ma ta rufe iyakokinta na tudu tun Agustan 2019, abin da ya jawo wa masu fitar da kaya daga Ghana asara. A watan Satumba Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya je Accra ya gana da takwaransa Mike Oquaye da Shugaba Nana Akufo-Addo. An yayyafa wa wutar ruwa, amma dokar ba ta sauya a lokacin ba.

Tsohon miki ne

Wannan ja-in-ja ya girmi yawancin waɗanda ke cikinsa. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta bai wa baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako 2 su bar Ghana, dubun-dubatar 'yan Najeriya suka dawo gida, da yawansu sun bar gidaje da rumfuna. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, kimanin 'yan Ghana miliyan 1 suka fice. Daga nan jakar nan ta "Ghana Must Go" ta samo sunanta.

Najeriya ma ta taɓa keɓe cinikin ɗai-ɗai ga 'yan ƙasa a dokar 1972 ta zamanin Janar Yakubu Gowon, sai a 1995 aka buɗe wa baƙi ƙofar mallakar kamfani gaba ɗaya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya tuna ƙorafin da aka yi a Kano kan 'yan China masu sayar da atamfa ɗai-ɗai, har jami'an shige da fice suka kama wasunsu a 2012, ba zai rasa gane abin da ke ran takwaransa na Kumasi ba. Darasin da ke cikin tarihin shi ne, duk lokacin da tattalin arziki ya matse, baƙon da takardunsa ba su cika ba shi ake fara waiwaya.

Ƙofofin da ke buɗe

Dokar 2013 ba ta rufe dukkan hanyoyi ba. Ta cire sharaɗin mafi ƙarancin jari ga wanda zai kafa masana'anta, da wanda kamfaninsa fitar da kaya daga Ghana zuwa waje kawai zai riƙa yi. Ta kuma ɗauke shi ga baƙon da ya shekara 5 yana aure da ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa, muddin an tantance auren kuma a Ghana yake zaune. Ke nan mai niyyar kafa wurin ɗinka takalma ko sarrafa man kaɗanya ya fi mai shagon waya samun sarari, ko da jarinsa bai kai nasa ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar ƙaura. Mai sarrafa kaya a Najeriya zai iya yi wa kayansa rajista a ƙarƙashin tsarin sassaucin ciniki na ECOWAS, wato ETLS, ya riƙa aika su ga dillali ɗan Ghana ba tare da biyan harajin shigo da kaya ba. Shi da sari, ɗan ƙasa da sayarwa ɗai-ɗai, kowa ya tsaya a inda doka ta ajiye shi.

Ga wanda ya ƙudura zama a can, matakan a jere suke. Zai fara da rajistar kamfani a Ofishin Magatakardan Kamfanoni, inda dokar 2019 ta buƙaci daraktoci aƙalla 2, ɗaya daga cikinsu mazaunin Ghana. Sai buɗe asusun banki da shigo da jari, sannan rajista da GIPC, wadda ake sabuntawa duk shekara 2. Daga nan sai hukumar haraji ta GRA, da izinin aiki da na zama daga hukumar shige da fice, da katin shaida na baƙi. Yawan baƙin ma'aikatan da kamfani zai samu izininsu kai-tsaye ya danganta da jarinsa, daga mutum 1 zuwa 4. Game da fili kuwa, kundin tsarin mulkin 1992 ya hana baƙo mallakar ƙasa ta har abada, iyakarsa haya ta shekara 50 a lokaci guda.

Tarkon aron suna

Hanyar da wasu ke bi don kauce wa waɗannan sharuɗɗa ita ce rajistar shago da sunan aboki ko suruki ɗan ƙasa. Da farko abin kan yi daɗi. Amma a takarda, shagon da kayan da asusun banki duk na mai sunan ne. Ranar da aka samu saɓani, ko ya rasu magada suka zo rabon gado, mai dukiyar gaskiya ba shi da abin da zai nuna wa kotu face yarjejeniyar da aka ƙulla don a zagaye doka. Amana abu ce mai kyau, amma magadan da ba su san lokacin da aka ƙulla ta ba, takarda za su bi.

Ana maganar sauyi

A watan Agustan 2025 Shugaba John Mahama ya shaida wa masu zuba jari a Japan cewa gwamnatinsa za ta cire sharaɗin mafi ƙarancin jari a gyaran da ake yi wa dokar. Albishir ne ga masu matsakaicin ƙarfi, kuma ya dace da matsayin Accra na mazaunin sakatariyar yankin ciniki maras shinge na Afirka. Sai dai batun jari daban yake da batun sana'o'in da aka keɓe wa 'yan ƙasa, kuma abin da jami'i ke aiki da shi shi ne rubutacciyar doka da majalisa ta zartar aka sa wa hannu.

Don haka, kafin mutum ya sayar da fili ko ya kwashe kuɗin sallamarsa, ya kamata ya nemi rubutacciyar amsa daga GIPC kan sana'ar da yake son yi, ya tuntuɓi lauya mai lasisi a Ghana, ya kuma leƙa ofishin jakadancin Najeriya a Accra. Kwana 90 ɗin da ECOWAS ta bayar sun isa a je a zaga kasuwanni, a ji ta bakin waɗanda suka riga zuwa, a dawo a yi lissafi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma kuɗin tikiti da na lauya ba su kai ko kusa da asarar shago cike da kaya a bayan kwaɗo ba.