Shirin Musamman: Abin da Ke Cikin Ƙwayar Ƙanƙara

(Taken shiri)

Yau shirinmu na musamman ya yada zango a Ƙauyen Alu, cikin ƙaramar hukumar Tarauni a birnin Kano, kuma batun namu shi ne ƙanƙarar da kan zo tare da ruwan sama.

Mutanen wannan yanki, daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku, sun san yadda abin yake. A farkon damina, bayan zafin bazara ya gallabi kowa, sai hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, iska ta taso da ƙura. Can sai a ji kwanon rufi ya ɗau ƙara fiye da ta ruwa. Kafin iyaye su ankara, yara sun fice tsakar gida da kofuna suna tsinta suna tsotsa. To, ta yaya ƙanƙara ke samuwa a garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu?

Amsar tana can sama. Zafin ƙasa shi ke tura iska mai ɗumi da laima ta yi sama da ƙarfi, ta gina gajimare mai tsawon da kan kai kilomita 15. A ƙasashenmu masu zafi, da zarar an wuce kimanin kilomita 5, sanyi ya kai na daskarar da ruwa. Sai dai ga abin mamaki: ɗigon ruwa tsantsa ba ya daskarewa da sauƙi. Yana iya zama ruwa har sanyi ya kai wajen digiri 38 ƙasa da sifili. Yana bukatar wani ɗan ƙwayar abu da zai kama ya daskare a kansa. Wannan abu kuwa daga ƙasa yake tasowa: ƙurar gona da ta hamada, garin furen tsirrai, har da ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kan ganye.

Mu kuwa ƙura ba baƙuwarmu ba ce. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi na cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya, daga can ne hazon hunturu ke iso mana. Ga kuma guguwar da ke share gari gabanin ruwan farko.

Da ɗan ƙwayar ya daskare, iskar da ke hawa sama sai ta riƙe shi, yana yawo cikin gajimare yana karo da ɗigon ruwa masu tsananin sanyi, suna manne masa yana ƙara girma. Inda ya daskare nan take, iska kan maƙale a ciki, wurin ya yi fari. Inda ya daskare sannu a hankali, wurin kan fito garau. Shi ya sa in an tsaga babbar ƙanƙara za a gan ta hawa-hawa kamar albasa. Idan nauyinta ya fi ƙarfin iskar, sai ta faɗo. Mafi yawanta kan narke a hanya saboda ɗumin iskarmu, wadda ta iso Tarauni ita ce ta yi saura.

(Ɗan kiɗa)

A wasu ƙasashen ƙanƙara bala'i ce. Ranar 30 ga Afrilun 1888 ta hallaka mutum 246 a yankin Moradabad na Indiya. A 1986 an sami mai nauyin fiye da kilo guda a Gopalganj ta Bangladash. A 2010 kuma wadda ta faɗo a garin Vivian na Amurka faɗinta ya kai santimita 20. Tamu ba ta cika kaiwa haka ba, amma tambayi manomi: ƙanƙara ta ɗan lokaci kaɗan ta isa ta yayyage ganyen masara, ta kakkaɓe tumatir, ta kashe 'yan tsaki.

Masu bincike a Turai sun narkar da ƙanƙarar da ta zuba a birnin Lubliyana na ƙasar Sulobeniya a 2009, suka tarar da bakteriya masu rai da dubban nau'o'in sinadarai da ke da asali daga ƙasa da tsirrai. Ashe farinta ba shaidar tsabta ba ne. Gajimare na zuƙar abin da ke cikin iskar gari, kuma iskar Kano ta haɗa da hayaƙin motocin Titin Zariya, da na janareta, da na bola da tayoyin da ake ƙonawa a lunguna. Wadda aka tsinta a ƙasa kuma ta ƙara da dattin tsakar gida da na kwata.

Don haka iyaye, a hana yara tsotsar ƙanƙara, a kuma shigar da su ɗaki da zarar ta fara zuba, domin hadarin da ke kawo ta shi ne mai tsawa. A killace kaji da awaki, kada a fake a gindin bishiya, a riƙa sauraron hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet. Mu kuma rage ƙona shara a unguwanninmu, don iskar da muke ɓatawa ita muke shaƙa.

Iyakar shirin ke nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka. A huta lafiya.