FARAR ƘASA DA ALLI: YADDA AKE TSARE SHAFEN BANGO DA NA KAYAN ƊAKI

Kowace shekara, in salla ta matso, ko an ji labarin zuwan wani babban baƙo, sai ka ga gari ya tashi da shafen farar ƙasa. Gidaje, masallatai, makarantu da ofisoshin hukuma, duka su yi fari fat. Ba a yin wata uku, wanda ya jingina da bango sai ya tashi da fari a bayan rigarsa, in kuwa ruwan Yuli da Agusta ya sauka, sai shafen ya bi indararo. Baɗi a sake fitar da kuɗi, a sake sayen buhu, a sake biyan mai shafe. Wannan asara ce da ake iya rage ta, in an san abin da ake shafawa da abin da ya kamata a ɗora a kansa.

Da farko akwai wata rikitarwa ta suna. Duk wanda ya taɓa juya takardar aikin gini daga Faransanci zuwa Hausa ya san ta: Faransawa suna da craie, suna da chaux, mu kuwa sau da yawa mukan haɗa su mu ce farar ƙasa. Asalinsu ɗaya ne, amma halinsu ya bambanta. Alli gari ne kawai, ba ya kama jikinsa. In ruwan da aka dama shi da shi ya bushe, ba abin da ke riƙe shi sai abin ɗauri da aka zuba masa. Ita kuwa farar ƙasa ta ƙonawa daga farin dutse take, irin wanda ake haƙa a Malbaza domin yin siminti. Ana ƙona dutsen da zafin da ya kai wajen digiri 900, a kashe shi da ruwa, ya zama kunu. In an shafa shi, a hankali yake shan iskar da wuta ta kora daga jikinsa, har ya koma dutse a kan bangon.

A nan ne masu shafe da yawa ke kuskure. Wannan komawa dutse tana bukatar laima da lokaci. In an yi shafe da tsakar rana a watan Afrilu, ko iskar hunturu na kaɗawa, ruwan zai tsere kafin farar ƙasar ta kama, abin da ya rage a bango gari ne. Saboda haka a fara yayyafa wa bango ruwa, a yi aiki da sassafe ko ta gefen inuwa, a dama shafen ruwa-ruwa kamar madara. Shafe uku ko huɗu marasa kauri, da kwana guda a tsakaninsu, sun fi guda ɗaya mai kauri wanda zai tsattsage. A kiyaye ido da hannu, domin farar ƙasa tana ƙuna.

To, me za a ɗora a kai? Kakanninmu ba su jira kanti ba. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram, ya dubi zanen da ke fuskar zaurukan tsofaffin gidaje da fadar sarki wadda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, zai gane cewa magina sun daɗe da sanin yadda ake sa laka ta jure ruwa. Suna da makuba, watau ɓawon ƴaƴan ɗorawa da ake jiƙawa har ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi ko a yayyafa a kan bango da daɓe. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, ana yaɓa shi a soro da kan katanga inda ruwa ya fi duka. Makuba dai tana rina abu, ba a ɗora ta a kan fari. Aikinta a ƙarƙashi yake, ta ƙarfafa yaɓen da farar ƙasa za ta zauna a kai. Abin baƙin ciki shi ne marina sun ragu, maginan da suka san haɗin laso su ma sun ragu, kuma ba kowane matashi ke zama ya tambaye su ba.

Domin shafen cikin ɗaki, ƙaro yana da amfani. Ana jiƙa kaɗan ya narke, a tace, a zuba cikin alli kafin a shafa. A yi hattara da yawansa: in ya wuce kima, shafen zai bushe ya ɗaɗɗago kamar ɓawon albasa. Kuma ƙaro yana sake narkewa in ruwa ya taɓa shi, don haka ba na bangon waje ba ne. A waje, madarar da aka cire wa mai ta fi shi: in ta gamu da farar ƙasa ta ƙonawa sukan zama wani ɗauri da ruwa ba ya narkarwa da sauƙi. Wasu suna zuba gishiri. Ni ban goyi bayan haka ba, domin gishiri yana jan laima zuwa cikin bango.

Ga wata magana da ta shafi ma'aikata masu sa hannu a takardar gyaran gine-gine. Sau da yawa ana ganin hanya mafi sauƙi ita ce a lulluɓe bangon laka da siminti ko fentin mai, a huta. Bangon laka yana shan laima daga ƙasa, yana kuma fitar da ita ta fuskarsa. In aka toshe fuskar, laimar za ta taru a ciki, lakar ta ruɓe a ɓoye, wata rana simintin ya ɓalle faifai guda tare da rabin bangon. Tsohon garin Agadez, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2013, da laka ake sabunta yaɓensa. Abin da za a ɗora wa laka dole ya bar ta ta yi numfashi.

Sai kayan katako. A 1990 wata mai zane a Ingila, Annie Sloan, ta fito da wani fenti na ruwa da ta sa wa suna Chalk Paint, mai kama jikin tsohon tebur ko kujera ba tare da an kankare su sosai ba. Daga baya kamfanoni da yawa sun yi irinsa. Kyansa shi ne ba ya ƙyalli, aibinsa kuma yana shan duk abin da ya taɓa shi: mai, shayi, dattin hannu. Ɗiga masa ruwa ka gani. In wurin ya yi duhu nan take, to yana bukatar rufi.

Rufin iri biyu ne. Na farko kaki. Ana sayar da shi a gwangwani, ana kuma iya haɗa shi a gida da kakin zuma kashi ɗaya da man da a kanti ake kira térébenthine wajen kashi uku. A narkar da kakin cikin kwano da aka ɗora a ruwan zafi, a sauke, a yi nesa da wuta kafin a zuba man, domin yana kamawa da sauri. Ana murza shi kaɗan-kaɗan da tsumma mai tsabta, a goge ragowar, washegari a murje. Yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya ƙeƙashe sosai. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, yana yin laushi tun kafin nan, saboda haka kujerar da ke wuni a rana a tsakar gida ba ta kaki ba ce, haka ma teburin da ake ɗora wa butar shayi. Ya dace da gado da akwatin tufafi.

Na biyu shi ne vernis. Teburin cin abinci, bencin makaranta da teburin ofis, shi suke bukata, shafe biyu ko uku marasa kauri, a ɗan goga takarda mai yashi a tsakani. A kan farin fenti a zaɓi na ruwa, domin na mai yana juyawa rawaya da daɗewa. In katakon jan itace ne kamar maɗaci, jansa yakan ɓullo ta cikin fari da zarar vernis na ruwa ya jiƙa shi. Maganin wannan shi ne a fara shafa wa katakon gomme-laque tun kafin fenti.

Ana iya ɗora kaki a kan vernis, amma vernis ba ya kama kan kaki. Wanda ya sa kaki ya kuma canza shawara, sai ya wanke shi sarai tukuna. Kafin a taɓa dukan kayan, a gwada a ƙarƙashin tebur ko bayan akwati, a bar shi ya kwana, domin kowane rufi yana ɗan duhunta launi.