Masoyin Kurket A Ingila: Bazara A Gida, Hunturu A Ƙasar Wani

Ran 2 ga watan Mayu na shekarar 1997, washegarin zaɓen da jam'iyyarsa ta sha mummunan kaye, John Major ya fito daga gidan Firayim Ministan Birtaniya, ya je ya miƙa wa Sarauniya murabus ɗinsa, sa'an nan ya zarce filin Oval da ke kudancin London ya zauna kallon kurket. Mutanen ƙasar ba su ga abin mamaki a wannan ba, domin a wurinsu masoyin kurket mutum ne wanda ya riga ya san inda za shi duk ranar da duniya ta yi masa zafi.

Ko da yake Turawa sun kawo wasan nan Nijeriya tun da daɗewa, har an kara tsakanin Ikko da Gold Coast, watau Ghana ta yau, a cikin 1904, bai sami gindin zama irin na ƙwallon ƙafa ba, saboda haka ya kamata a ɗan bayyana shi. Ƙungiyoyi biyu ne, kowacce da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani siririn wuri mai tsawon yadi 22, an kafa sanduna uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana neman ya buge sandunan da ƙwallo, mai duka kuwa yana kare su da wani faffaɗan katako, in ya doki ƙwallon ya yi nisa sai shi da abokinsa su ruga suna musayar wuri, kowace musaya maki ɗaya. Babban wasan da ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa, wanda suke kira Test, yana iya cin kwana biyar, kullum kamar awa shida, kuma bayan duk wannan ana iya tashi canjaras. Wanda zai so irin wannan wasa dole ya kasance yana da lokaci, lokaci kuwa a Ingila ba kowa ke da shi ba.

Shekarar masoyin kurket tana farawa ne a watan Afrilu, ta ƙare a Satumba. A tsakanin nan gundumomi 18 na Ingila da Wales suna gasar da ke tsakaninsu, kowane wasa kwana huɗu, sau da yawa kuma a ranakun aiki. Wanda ya leƙa filin a irin waɗannan ranaku galibi 'yan fansho zai tarar, kowa da filas ɗin shayinsa da bargo saboda sanyi, da littafin da yake rubuta sakamakon kowace jifa da fensir, alhali ga allo can yana nuna kome. Ma'aikacin ofis, wanda ba shi da halin zuwa, sai ya dogara ga rediyo. Tun 1957 BBC take da wani shiri mai suna Test Match Special, inda ake ba da labarin wasan jifa bayan jifa daga safe har yamma. Da yake ruwan sama yakan tsai da wasa a kai a kai, masu sharhin sun saba cike gurbi da hirar tantabarun da suka sauka a fili, da motocin safa masu wucewa, da kek ɗin da masu sauraro suke aiko musu. Al'adar aiko da kek ta yi ƙarfi har Sarauniya Elizabeth ta Biyu da kanta ta ba su nata a 2001. Akwai kuma littafin Wisden mai bango rawaya, wanda yake fitowa kowace shekara tun 1864 da lissafin wasannin shekarar da ta wuce. Masoyi na gaske yakan jera su a kanta, ya bar wa 'ya'yansa gado.

Ran Asabar ita ce ranar taro. A ƙauyuka da unguwanni akwai ƙananan kulob-kulob inda likita da makaniki da ɗan makaranta suke sa fararen kaya su yi wasa tare, tsofaffi suna zaune a gefe suna tafi a hankali. Tsakiyar taron shi ne shayin la'asar: a dakata da wasa, ƙungiyoyin biyu su zauna tebur ɗaya su ci burodi da kek, waɗanda shekara da shekaru matan 'yan wasa ne suke haɗawa ba tare da an biya su ko kwabo ba. Hatta a babban wasan kwana biyar, doka ta ware minti 40 domin abincin rana da minti 20 domin shayi. Bayan an tashi sai a ɗunguma zuwa mashaya, a can ake sake buga wasan da baki, a can ake ƙulla abota, a can kuma sau da yawa ake shawarar wanda zai shiga wasan mako mai zuwa.

A can sama da waɗannan duka akwai filin Lord's na London, wanda yake wurin da yake a yau tun 1814, mallakar kulob ɗin MCC da aka kafa a 1787. Cikakkun 'ya'yan kulob ɗin kimanin 18,000 ne, ana gane su da ɗamarar wuya mai ratsin ja da rawaya, kuma wanda ya nemi shiga yakan jira kusan shekara 30 kafin layi ya zo kansa. Sai a 1998 suka jefa ƙuri'ar yarda mata su shiga. A filin Headingley na birnin Leeds kuwa wani salon ne dabam, inda samari suke zuwa cikin shigar ban dariya, su yini suna shan giya suna cusa kofunan roba cikin juna har su zama kamar doguwar mesa.

Da Oktoba ta kama, sanyi da duhu sun rufe filaye, sai ƙungiyar Ingila ta kama hanyar ƙasashen da rana take: Ostireliya, Afirka ta Kudu, Indiya, Pakistan, Siri Lanka, New Zealand da tsibiran Karebiyan. Masoyin da ya zauna gida sai barcinsa ya rikice, domin wasan da ake farawa da hantsi a birnin Melbourne ran 26 ga Disamba, a London ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ne na daren Kirsimeti. Wanda yake da hali kuwa sai ya tara hutunsa na shekara da abin da ya adana, ya bi ƙungiyar.

Tafiyar da ta fi kowacce daraja ita ce ta Ostireliya, wadda takan zo kamar sau ɗaya a shekara huɗu. Asalin gabar ya koma 1882, lokacin da Ostireliya ta ci Ingila a filin Oval, wata jarida ta buga ta'aziyyar ba'a, wai kurket ɗin Ingila ya mutu, za a ƙone gawar a kai tokar Ostireliya. Daga nan gasar ta sami sunan Ashes, watau toka, kuma alamarta wata 'yar mitsitsiyar tukunya ce da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, wadda take ajiye a Lord's ko wane ne ya ci. Saboda wannan 'yar tukunya mutum zai shafe kusan kwana ɗaya cur a jirgin sama, ya kashe dubban fam, ya yi makonni yana bin birane biyar.

A tafiyar 1994 zuwa 1995 ne 'yan jaridar Ostireliya suka ga wasu samarin Ingila suna ta waƙa da murna alhali ana lallasa ƙungiyarsu, suka laƙaba musu Barmy Army, watau rundunar taɓaɓɓu. Samarin suka karɓi sunan hannu bibbiyu, suka buga shi a riguna suna sayarwa, har abin ya zama kamfani mai shirya wa mutane tikiti da masauki. Sunan bai yi ƙarya ba. Ban da nasarar 2010 zuwa 2011, wadda ita ce ta farko tun 1987, tafiyar ba ta cika yi musu daɗi ba: daga 2013 zuwa 2022 Ingila ta buga wasa 15 a Ostireliya, aka ci ta 13, biyu canjaras. Duk da haka in dai iyaka a buɗe take sai sun cika ɓangarensu na fili, da tutoci masu ɗauke da sunayen garuruwansu da mai busa begila. Ba nasara ce take kai su ba, zaman taren ne, mutanen da ba sa haɗuwa a Ingila amma sun san kujerar juna a Sydney.

Ƙasashen da suke karɓarsu ma sun san amfaninsu. A tsibirin Barbados, in Ingila ta zo, baƙi sukan fi 'yan gida yawa a filin Kensington Oval, masu otal da direbobin tasi da masu sayar da soyayyen kifi su sami kakarsu. A watan Maris na 2020 wani mutumin Ingila ya sauka Siri Lanka domin kallon wasa, annobar korona ta sa aka ɗage, shi kuwa ya ƙi komawa gida. Wata goma ya yi yana jira, da aka zo yin wasan a garin Galle a Janairun 2021 ba tare da 'yan kallo ba, sai ya hau ganuwar tsohuwar tungar Turawa da ke kallon filin, ya yi ta waƙarsa shi kaɗai.

To, amma wane ne wannan masoyi? Wanda ya duba taron da kyau zai ga yawancinsu fararen fata ne, maza, masu ɗan shekaru da rufin asiri, kuma akwai dalilan da suka sa haka. A 2005, shekarar da Ingila ta karɓe tokar bayan shekaru 18, mutum sama da miliyan 8 sun kalli wani sashe na gasar a tashar Channel 4, wadda kowa yake kamawa kyauta. Daga 2006 hukumar kurket ta sayar da wasannin gida ga tashar Sky, wadda sai an biya. Kuɗi sun shigo, amma yaron da iyayensa ba su da halin biya ya daina cin karo da wasan. Makarantun gwamnati kuma da yawa ba su da fili ko kayan wasa, sai makarantun kuɗi. Wani kwamiti mai zaman kansa da hukumar ta kafa a ƙarƙashin Cindy Butts ya ji ta bakin mutum sama da 4,000, a watan Yuni na 2023 ya ba da rahoton cewa wariyar launin fata da raina mata da fifita masu hali sun yi kanta a wasan. Ya nuna cewa a 2021 kashi 58 cikin ɗari na 'yan wasan Ingila maza daga makarantun kuɗi suka fito, alhali kashi 7 ne kacal na jama'ar ƙasar suka shiga irinsu.

Sai maganar mashaya. Mutanen da asalinsu Kudancin Asiya ne, da yawansu Musulmi, sun kai kusan sulusin masu buga kurket na sha'awa a Ingila, amma a cikin ƙwararru ba su wuce 'yan ƙalilan ba. In abota da shawara a mashaya ake yinsu, wanda ba ya sha ya zama baƙo a kulob ɗinsa. A Nuwamban 2021 Azeem Rafiq, haifaffen Karachi wanda ya buga wa Yorkshire, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dokoki irin baƙaƙen maganganun da ya sha, ya kuma ce yana ɗan shekara 15 aka danne shi aka ɗura masa giya. An ɗan fara gyara a sama. A 2022, bayan Ingila ta ci kofin duniya na gajeren wasa, shugaban 'yan wasa Jos Buttler ya tsai da fesa giyar murna sai da Moeen Ali da Adil Rashid suka gama ɗaukar hoto suka kauce. Abin a yaba ne, amma tsai da kwalba na minti ɗaya a gaban kyamara ya fi sauƙi a kan sake al'adar kulob ɗin ƙauye.

Akwai taron da ya riga ya watse. Daga 1950, da ƙungiyar Karebiyan ta fara cin Ingila a Lord's, har cikin shekarun 1980, baƙaƙen fata mazauna London su ne suke raya filin Oval da ganguna da gwangwanaye. Tsadar tikiti, da sayar da shi watanni kafin wasa, da hana shiga da kayan kiɗa sun taimaka wajen korarsu. A 1990 ma wani ɗan siyasa, Norman Tebbit, ya ce a auna biyayyar baƙi ga Birtaniya da ƙungiyar da suke goyon baya a kurket.

Shi kansa wasan kwana biyar yana cikin matsi. Ingila ce ta ƙirƙiro gajeren wasa na awa uku a 2003, amma Indiya ce ta mai da shi haja da gasar IPL a 2008, wadda a 2022 aka sayar da izinin nuna ta na shekara biyar a kan sama da dala biliyan 6. Ƙwararrun ƙananan ƙasashe suna bin kuɗin nan, filayensu kuwa sukan kasance wayam ranar dogon wasa in ba Ingila ko Indiya ce ta zo ba. Saboda haka ɗan fanshon da ya kwashi jakarsa zuwa Galle ko Barbados yana cikin masu riƙe da wasan, sai dai ba a ga isassun masu gadonsa ba.

A Lord's kuwa gardamar ta tsaya a kan wasa ɗaya. Tun 1805 makarantun Eton da Harrow, na 'ya'yan manya, suke karawa a filin kulob ɗin. A 2022 shugabannin MCC suka ce za su cire wasan daga tsarin shekara, 'ya'yan kulob suka tayar da ƙura, a Maris na 2023 aka sasanta cewa za a ci gaba har 2027 sa'an nan a sake dubawa. Wata uku bayan haka rahoton Cindy Butts ya ba da shawara a maye gurbinsa da gasar makarantun gwamnati ta 'yan ƙasa da shekara 15, amma kulob ɗin ya tsaya a kan yarjejeniyarsa.