Bashin da Ruwa Ke Bin Mai Nutso

Tun 'yan watannin nan akwai wani zance da ke yawo a majalisun samari, cewa wai wanda ya tara kuɗin jirgi ya tafi Masar ko Tailan shi kaɗai, ya yi wata biyu yana koyon nutso a teku da tukunyar iska a bayansa, to, da ya dawo da takardarsa kamfanonin haƙar mai na bakin teku za su yi rububinsa, su riƙa biyansa da dala. Iyaye kuwa da suka ji, sai suka ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, wasu har suka kawo batun mutanen ɓoye da ke zaune a ƙarƙashinsa. Na saurari ɓangarorin biyu, na ga kowa yana jayayya da ƙarfinsa, alhali kuwa asalin mas'alar babu wanda ya taɓa ta a cikinsu.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan muhawara shi ne sunan da kowa ke kiran tukunyar nan da shi, wato tukunyar oksijin, har da waɗanda suka yi karatun boko mai zurfi, har da masu karanta labarai a rediyo. Babu oksijin zalla a cikinta. Iskar nan ce da ni da kai muke shaƙa a ƙofar gida, aka tace ta, aka danne ta da inji har ta ninku kamar sau 200 a cikin ƙarfe, kashi 21 cikin ɗari nata oksijin, kashi 78 kuma wata iska ce da ake kira naitrojin. Da a ce oksijin zalla ne mutum ya ɗauka ya wuce zurfin mita 6 da shi, da abin da yake zaton shi ne rayuwarsa ya zame masa guba, ya kama shi da jijjiga irin ta farfaɗiya, bututun ya suɓuce daga bakinsa. Wani zai ce wannan ai gardamar suna ce kawai, amma wanda ya ɗauka oksijin ne a bayansa ba zai taɓa tambayar ina naitrojin ɗin da ya shaƙa yake tafiya ba, alhali dukkan ilimin nutso, tun daga littafin farko har zuwa jarrabawar malamai, amsar wannan tambaya ce.

Ga yadda lamarin yake. Iskar da ke bisa kanmu tana da nauyi, mun saba da shi ne kawai shi ya sa ba mu jin sa. Ruwan teku kuwa duk mita 10 da ka sauka yana ƙara maka kwatankwacin wannan nauyi gaba ɗaya, ta yadda a mita 10 matsin da ke kanka ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, kamar jakin da ake aza wa buhu a kan buhu duk zangon da aka isa. Na'urar da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943, wadda har yau ita ce asalin abin da masu nutso ke sawa a baki, hikimarta ita ce tana ba ka iska daidai da matsin wurin da kake, don ƙirjinka ya iya buɗewa. Saboda haka numfashi ɗaya a mita 30 iskar numfashi huɗu ce ta tudu a dunƙule, kuma tukunyar da za ta kai ka awa guda a sama ba za ta wuce rubu'in awa ba a can.

Daga nan ne rukuni na farko na wannan fanni ya fito, wanda ya saɓa wa duk abin da ɗan bakin kogi ya gada: kada ka riƙe numfashi, ko sau ɗaya. Masuncin Argungu ko na Yawuri da ke cika ƙirjinsa a sama ya nutsa ya dawo, iskar da ya tafi da ita ita ya dawo da ita, ta ƙanƙance a ƙasa ta koma yadda take a sama, babu laifi. Amma wanda ya cika huhunsa daga tukunya a mita 10, sa'an nan tsoro ya kama shi ya rufe maƙogwaro ya yi sama, iskar nan za ta nemi ninkin wurin da take ciki, kamar balan-balan da yaro ya cika ya ɗaure bakinsa ya ajiye a rana, ko salkar da aka ɗura wa ruwa fiye da ƙima har ɗinkinta ya buɗe. Don haka gwanin iyo na ƙauye, wanda jikinsa ya haddace riƙe numfashi tun yana yaro, sai ya fara mance gwanintarsa kafin ya zama ɗalibi, kuma sau da yawa shi ya fi wahalar koyarwa.

Sai kuma bashin. Oksijin jiki yana ƙone shi, naitrojin kuwa ba ya amfani da shi da komai, sai dai matsi ya riƙa tura shi cikin jini da kitse da gaɓoɓi yana narkewa, gwargwadon zurfi da gwargwadon daɗewa, yadda sukari ke ɓacewa a shayi ba a ganinsa amma yana nan. Ka dubi kwalbar lemo a rufe, ruwa ne garau babu kumfa ko ɗaya. Ka buɗe ta a hankali, iskar ta fita da ɗan huci ba tare da ɓarna ba. Ka fizge murfin farat ɗaya, ta tumfaye ta ɓata maka riga. Jinin mai nutso kwalbar nan ce, hawowa sama kuma shi ne buɗe murfi. In ya hawo da gaggawa kumfa ta tashi a gwiwa da kafaɗa da laka, wani ya tsira da ciwon gaɓoɓi, wani ƙafafunsa su shanye, wani kuwa sai dai addu'a. Bashi ne da ruwa ke ba ka ba tare da ka roƙa ba, kuma ba ya karɓar biya a dunƙule, sai kaɗan-kaɗan ta hanyar numfashi, kamar zubin adashi. Wani likita ɗan Sikotilan, John Scott Haldane, shi ya fara tsara jadawalin wannan biya a 1908, bayan ya jarraba da awaki a cikin ɗakin ƙarfe, kuma jadawalin da ake koyarwa yau jikokin nasa ne: a mita 18 kana da minti 56 kafin tsayawa a hanya ta zama wajibi, a mita 30 minti 20 kacal, kuma ko ba ka kai haddi ba mustahabbi ne ka tsaya minti 3 a mita 5 kafin ka fito.

Mu a Najeriya muna da hujja a kan wannan wadda ba ta buƙatar littafi. A watan Mayu na 2013 wani jirgin ja mai suna Jascon-4 ya kife a tekun da ke gaban Escravos ya sauka kimanin mita 30, mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a cikin wata 'yar iska da ta maƙale a ɗaki, har masu nutso da aka aiko ɗauko gawarwaki suka ji hannu ya kama ɗayansu. Mutane sun riƙe wannan ɓangare na labarin, suka manta da na biyu, wato cewa ba a fito da shi sarari nan take ba, domin da an yi haka da ceton ya zama ajalinsa. Sai da ya ƙara kwana biyu da wani abu a ɗakin matsi ana sassauta masa a hankali. Daga baya shi kansa ya koyi aikin ya zama mai nutso.

To, sai batun takarda. Abin da ake koyarwa a Dahab da Sharm el-Sheikh na gaɓar Bahar Maliya, ko a tsibirin Koh Tao na Tailan, nutson yawon buɗe ido ne, kuma yawancin makarantun suna bin tsarin ƙungiyar PADI da aka kafa a Amurka a 1966. Matakin farko yana ba ka izinin mita 18, na biyu mita 30, sa'an nan darasin ceto, sa'an nan matakin jagora, wanda 'yan sana'ar ke kira daifmasta, wanda ba a fara shi sai da nutso 40 a rubuce, ba a kammala shi sai da 60. Mai son ijazar koyarwa kuwa sai ya cika 100. Aikin jagora shi ne ɗaukar tukwane, da wanke kaya, da ƙirga baƙi, da lura da idon wanda tsoro ya fara kamawa. Sana'a ce ta halal mai daɗi ga wanda ke son teku, amma ladanta kaɗan ne, kuma bizar yawon buɗe ido ba izinin aiki ba ce a Masar ko a Tailan. Wanda ke walda ko gyaran bututun mai a ƙarƙashin teku wani mutum ne dabam, da kwalkwali a kansa da igiyar iska daga jirgi, ya fito daga makarantu irin na Afirka ta Kudu ko Birtaniya ko Norwe, da takardar da ƙungiyar 'yan kwangilar teku ta IMCA ta yarda da ita, kuma kuɗin karatunsa ya ninka na wancan sau da yawa. Kai wa kamfanin mai takardar daifmasta daidai yake da kai lasin babur wurin da ake neman direban tanka.

Ban ce kada a tafi ba. Hasali ma duk sa'ad da kwalekwale ya kife a Kwara ko a Kabi, muka ga masunta da gajeren wando suna lalube da hannu yayin da manya ke isowa da ta'aziyya da alkawarin kwamiti, nakan yi fatan da muna da matasa ɗari da suka san wannan ilimi, da hukumar da ta san inda za ta ajiye su. Sai dai mai tafiya shi kaɗai, wanda ba shi da uba ko wa a garin da zai yi masa tambaya, wajibi ne ya yi wa kansa. Ya fara da likita tun a gida, ya faɗi gaskiya a takardar lafiya, domin asma da farfaɗiya da ciwon sikila, wanda ya yi yawa a cikinmu, suna cikin abubuwan da ke hana nutso, kuma ɓoye su don kada kuɗin jirgi ya tafi a banza wauta ce. Ya tambayi makaranta ina ɗakin matsi mafi kusa yake, ya sayi inshorar nutso irin ta DAN, saboda jinyar ɗakin nan tana iya cinye abin da ya fi kuɗin karatun duka. Ya kuma kiyayi abokan da za su ce masa namiji ba ya tsoron zurfi: daga wajen mita 30 naitrojin yana sa maye, mutum ya ji daɗi ya mance lissafi, kuma a bakin ramin nan na Blue Hole da ke Dahab, mai zurfin fiye da mita 100, akwai allunan tunawa jere a jikin dutse, da yawansu na ƙwararru ne da suka nemi wata ƙofa da ke wajen mita 55.

Akwai kuma sharaɗin da mai ƙaramin guzuri ya fi saurin karyawa, domin kowane kwanan masauki kuɗi ne. Matsin iska a cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, saboda haka shiga jirgi ci gaba ne da buɗe murfin kwalbar, kuma ƙa'ida ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutson kwanaki a jere. Ɗalibin da ya yi nutsonsa na 60 da la'asar, ya karɓi takardarsa da magariba, ya kuma yanki tikitin asuba daga Sharm el-Sheikh don ya tsira da kuɗin kwana ɗaya, zai hau jirgin ne da sauran bashi a cikin jininsa, a wurin da babu ɗakin matsi, babu kuma wanda ya san sunansa sai fasfo.